Rigar da ta bi ta hannu bakwai: abin da na gani a wani shagon ɗinki a Fagge

In gaggawa kake yi, ko mai sauƙin kuɗi kake nema, wannan shagon ba naka ba ne. Suna da tsada, suna da nawa, kuma in maigidan wurin ya faɗi kuɗin aiki ba ya rage ko sisi. Amma babbar rigar da suka yi wa maigidana, tunda nake ganin riguna a jikinsa ban ga wadda ta zauna masa kamarta ba. Shagon yana cikin Fagge, a wani lungu da mota ba ta shiga, ba allo, ba lambar waya a bango. Na sakaya sunansa da na mai shi, domin cikin abin da zan faɗa akwai wanda ba yabo ba ne, kuma akwai maganar mutanen da ke cin abinci a ƙarƙashinsa.

Bikin 'yarmu ne ya kai ni. Uban amarya ya ce shi kaftanin da yake zuwa Juma'a da shi ma ya ishe shi, ni kuma na ce ba da ni ba. Akanta ce ni a wata makaranta mai zaman kanta, ni ke haɗa takardar albashin ƙarshen wata, tun daga shugaban makaranta har mai gadi da masu shara. Aikin ya bar mini wata ɗabi'a: duk inda na ba da kuɗi, sai na so in san aljihun wa za su faɗa. Da wannan idon na shiga shagon, don haka wanda yake son jin maganar riga zalla ya yi haƙuri da ni.

Shaddar a Kantin Kwari na saya, tafiyar ƙafa ce daga shagon. Getzner ce fara, irin wadda ake saƙawa a garin Bludenz na ƙasar Ostiriya, yadi goma sha biyu saboda mutumin dogo ne. Mai kanti ya faɗi kuɗi, ya ce dala ce ta tashi, magana ta ƙare. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, wannan kalma guda ta ishi ɗan kasuwa ya rufe bakin kowa a Kwari. Na tura masa kuɗinsa, yaro ya ɗauko mini leda har bakin titi.

A shagon tela kuwa, da Malam mai shagon ya gama auna tsohuwar rigar da na kawo ya faɗi nasa kuɗin, sai na yi abin da kowace mace a Kano za ta yi.

"Haba Malam, ai wannan kuɗin wata shaddar ne. A duba dai."

Bai yi musu ba, bai kuma yi rantsuwar da 'yan kasuwa suka saba ba. Ya miƙa hannu ƙarƙashin teburin yanka ya ɗauko wani dogon littafi mai bangon kwali, ya buɗe shafin wata riga irin wadda nake so, ya juyo mini da shi.

"Hajiya, duba nan. Ki nuna mini wanda zan rage wa, sai in rage miki."

Kowace riga da shafinta. A sama sunan mai kaya da ranar da ya kawo da kafin alƙalamin da ya bayar. A ƙasa layi-layi: mai zayyana, mai aikin allura, yanka, haɗi, kalmasa da maɓalli, wanki da bugu, guga. Bayan su zare da yadin shafin cikin riga, sai kason man janareto da haya, nasa ribar kuma ita ce layin ƙarshe. Gaban kowane layi akwai kuɗi, akwai ranar da aka biya, wasu da sa hannu da biro, wasu da ajami, wasu da dangwalen yatsa. Na tsaya na tara layukan nan bakwai a kaina. Ladan mutum bakwai gaba ɗaya, har da wadda za ta shafe fiye da wata biyu tana sunkuye a kan allura, bai kai kuɗin da na tura wa mai kanti a Kwari cikin minti biyu ba. Na biya yadda ya ce.

Rigar kanta aska takwas ce, da zare mai ruwan madara a kan farar shadda, don shi ba ya son abin da zai riƙa ɗaukar ido. Askakun sun sauko daga kafaɗar hagu zuwa kan babban aljihu, kowace da bakinta siriri har ƙarshe, ba wadda ta dakushe ko ta karkace. Tambarin ƙirjin dama da na baya sun zagaya daidai, kuma a nan ake kama mai zayyanar da hannunsa ke rawa, domin da'ira ba ta ɓoye laifi. Cikon da ke tsakanin askakun ƙananan huji ne, kowane an zagaye bakinsa da zare ɗaya bayan ɗaya, sun yi yawan da ba mai zaman ƙirga su. Wuyan an ƙarfafa shi ta ciki yadda ba zai saki ba ko an sha saɓawa. Abin da ya fi burge ni shi ne laushi. In ya naɗe hannun rigar ya ɗora a kafaɗa, tana zama inda ya ajiye ta, ƙirjin yana bin jiki, ba ya tsayawa ƙiƙam shi kaɗai. An kai ta bugu bayan wanki, ƙyallin shaddar ya dawo har ya fi yadda ta fito daga kanti. Kalmasar gindin riga da hannu aka yi ta, sai ka kai ido kusa kafin ka ga zaren.

Wando ya ɗan yi tsawo, aka rage a take ba a karɓi komai ba. 'Yar cikin ba abin faɗa, ta yi daidai.

Mutane da yawa yanzu ba sa bambance aikin hannu da na kwamfuta, wasu teloli kuma suna cin wannan rashin sanin. Hanya mafi sauƙi ita ce ka juya rigar ka duba cikinta. Aikin inji za ka ga zaren ƙasa ya shimfiɗu sumul iri ɗaya, sau da yawa da ragowar farar takardar da ake mannawa a baya don ta riƙe yadin, ita ce ma ke sa ƙirjin ya yi tauri. Aikin hannu kuwa za ka ga inda aka ƙulle zare aka sake sabo, za ka ga huji wani ya ɗan fi wani, za ka ga ranar da hannu ya gaji. Ni ba na cikin masu zagin kwamfuta. Kaftanan samarin gidanmu na bikin da ita aka yi musu, ta hannun wannan shagon, wajen wani matashi mai injin a can bakin titi, kuma sun yi kyau, cikin 'yan kwanaki aka gama, a kuɗin da aljihu zai ɗauka. Shi ma yaron sana'arsa yake yi, ya zauna ya koyi zana fulawa a na'ura. Abin da ba na so shi ne a sayar maka da aikin sa'a uku a kuɗin aikin wata biyu. Malam yana faɗa maka tun farko wanne ne wanne, kuma shafinsu a littafi daban.

Da yake ni mace ce, akwai ƙofar da zan iya shiga wadda masu riguna ba sa shiga. Na roƙi Malam ya haɗa ni da mai aikin allurar. Ya ɗan yi jim, ya ce sai ya tambaye ta ita da maigidanta. Bayan kwana biyu aka ce in zo.

Gidan yana cikin birni, bayan Kurmi, irin gidajen da sai ka wuce zaure biyu kafin ka ga tsakar gida. Ta girme ni, don haka Yaya nake ce mata. A wajen gwaggonta ta koya, wadda ta yi aure a birnin Zariya, inda mata suka daɗe da karɓar wannan aikin da a da maza ne ke yin sa a ƙofar gida. Na same ta a kan tabarma a inuwar katanga, ƙirjin rigarmu a kan gwiwarta, sauran shaddar kuma an naɗe ta cikin tsohon zane saboda ƙura da hannun jikoki. Farin kaya a gidan da ake girki da manja, wannan kaɗai aiki ne. Yatsanta na tsakiya ya yi kanta. Takan fara in ta sallami 'yan makaranta ta ɗora sanwa, ta tsaya da azahar, ta koma bayan la'asar har hasken rana ya gaza. Da dare ba ta taɓawa, ta ce farin zare a kan farin yadi ba ya son fitila.

"Yaya, da can wa kike yi wa aiki?"

"Ina na sani? Dillaliya ce ke kawowa. Ban san mai riga ba, ban san shagon ba, ban san nawa aka biya ba. In na gama a ce mini sai mai kaya ya zo ya karɓa. Wata rigar sai an yi Sallah da ita an wanke kafin in ga kuɗina, su ma a gutsuttsure."

Yanzu rabin kuɗinta ake ba ta ranar da aka kawo aiki, ragowar kuma ranar da ta mayar, ko mai riga ya zo ko bai zo ba. Kai tsaye yake shiga asusun wayarta, wanda 'yarta ta buɗe mata a farkon 2023, lokacin da canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta ɓace a gari. Tabaran da ke idonta shagon ne ya biya, bayan Malam ya lura bakin askarta ya fara kaucewa layin zayyana, ya sa aka kai ta aka auna idon. In an ɓata zare ba a cire mata a lada. Ta ce abin da take samu a riga ɗaya yanzu ya ninka na da, da shi take zubin adashi, da shi ta yi wa 'yarta ta biyu gado da katifa.

Na tambayi dillaliyar fa, ina ta tafi, domin ita ma da bakin da take ciyarwa. Ashe tana nan. Ita ce har yanzu ke kai aiki gidaje ta karɓo, tunda namiji ba zai shiga ba, sai dai yanzu shagon ne ke biyan ta kuɗin zirga-zirgarta a fili, ba ta yanka daga ladan kowa. Wannan gyaran ya fi mini korar ta.

Sai dai a cikin a-daidaita-sahu ina komawa gida na yi lissafin da na saba. Na raba abin da aka rubuta mata a kan watannin da rigar ta ci. Bai kai rabin naira 70,000 a wata ba, mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024, wanda gwamnatin Kano ta ɗora wa dubu ɗaya ta mai da shi 71,000 ga ma'aikatanta. Na san ba wuni cur take yi ba, na san tana cikin gidanta, ba kuɗin mota, ba mai yi mata tsawa. Duk da haka sa'o'in da take yi sun kusa na masu sharar makarantarmu, ƙwarewar kuma ba a haɗa su. Dokar albashin ma ba ta san da zamanta ba: ta ware wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, ta kuma ware masu aikin da ake biya a kan abin da suka gama ko a kan la'ada. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya a irin wannan hali suke, ba takardar ɗaukar aiki, ba fansho. Wato tsakanin Yaya da zalunci ba abin da ke tsaye sai imanin maigidan shago da abin da mai riga ya yarda ya biya. Ta yi dace da na farkon.

A cikin shagon kuwa kekuna shida ne, biyu na ƙafa, sauran masu mota. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne lokacin tashi. Ana yin isha'i ake rufewa, har a goman ƙarshe na azumi. Duk wanda ya girma a garin nan ya san yadda telan Sallah yake: ya karɓi kayan da ya san ba zai iya gamawa ba don kada kafin alƙalami ya wuce shi, yara su kwana a kan keke da shayi da goro, wasu har da ƙwayar hana barci, daren Sallah kuma a cika ƙofar shago da zagi, wani lokaci magana ta kai ofishin 'yan sanda. Malam tun kafin a ga watan azumi yake rufe littafin Sallah. Yana ƙirga kekuna, ya ƙirga kwanaki, in sun cika sun cika. A gabana cikin Sha'aban wani Alhaji ya zo da shadda kala uku a bayan mota, yaro ya shigo da su lungu a ka.

"Alhaji, a yi haƙuri, mun rufe."

"Ni za ka ce wa ka rufe? Shekara nawa ina kawo maka ɗinki? In kuɗi ne a ninka."

"Ranka ya daɗe, ba kuɗi ba ne. In na karɓa, ko in saɓa maka ko in hana yaran nan barci. Bayan Sallah kai ne na farko."

Alhaji ya tafi yana faɗa. Mai haɗin da ke kusa da ni bai ɗago kai daga keke ba, amma na ga yana murmushi.

Da na yaba masa, Malam bai karɓi yabon ba. "Hajiya, ba sadaka nake yi ba fa. Shaddar nan da kika kawo, in yaro ya sa mata almakashi ƙarfe uku na dare idonsa na rufewa, wa zai biya? Kuma kafin hannu ya kai in ba shi irin wannan ya yanka, shekaru ne. In ya tafi saboda an riƙe masa kuɗin sati, ni na yi asara." Ranar Alhamis da yamma yake sallamar kowa, kafin ya ɗauki nasa. Masu haɗinsa biyu sun fi shekara goma a wurin, a sana'ar da yaro ke canza shago tsakanin ƙaramar Sallah da babba. Ni a ganina wannan zaman shi ne abin da na gani a kalmasar rigar. Wanda ya san gobe ma nan zai dawo, kuma rigar za ta dawo wanki a hannunsa, ba ya ɓoye ɓarna a cikin shafi.

Akwai wani dattijo a keken ƙafa na can ƙurya, kowa Baba yake ce masa. A masaƙa ya yi ƙuruciyarsa, a Bompai, har aka rufe ta. Yakan ba da labarin lokacin da yake da katin shaida da albashin wata da ɗakin shan magani da ƙungiyar ƙwadago, jiniya ta yi kuka ma'aikata su fito a kan kekuna su cika titi. Yawancin masaƙun Bompai da Sharada da Challawa sun tafi, kamar yadda ta Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002. Garin da Bature Heinrich Barth ya zo a 1851 ya tarar ana saƙa tufa ana rinawa ana kai ta har Tambutu da Tarabulus, garin da marinar Ƙofar Mata ke ɗauke da shekarar 1498 a ƙofarta, yau yadinsa daga Sin da Ostiriya yake zuwa. Abin da ya rage a hannunmu daga cikin riga shi ne yanka da allura da bugu, wato aikin mutum. Shi ne kuma muke zuwa mu ce a duba dai.

To, ga inda suka gaza.

An yi mini alƙawarin sati guda bayan Sallah, ban karɓi riga ba sai ana saura 'yan kwanaki ɗaurin aure. Dalilin na gane shi: an yi wa Yaya rasuwa a dangi cikin azumi, ta ajiye allura, Malam kuma ya ƙi karɓe aikin ya ba wata, ya ce hannu biyu a ƙirji ɗaya yana nunawa, kuma ba zai ƙwace aiki a hannun mai zaman makoki ba. Ban ga laifinsa a nan ba. Laifinsa shi ne bai kira ni ba. Sai da na je da ƙafata ranar da aka sa mini na ji labari. Wanda ya iya rubuta ladan mai guga a littafi ya iya ɗaga waya ya gaya wa uwar amarya halin da ake ciki, ko don hawan jininta.

Na biyu janareto. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, na san kowane mai shago lallaɓa injinsa yake yi. Amma nasu a bakin ƙofa yake, daf da teburin yaron da ke guga, hayaƙin yana bugun fuskarsa wuni guda, ga zafin dutsen gawayi a hannunsa. Ni da na zauna ɗan lokaci sai da kaina ya sara. Malam ya ce yana tara kuɗin sola. Kafin solar ta zo, doguwar waya da za ta kai injin bayan shago ba ta kai kuɗin yadi ɗaya na shadda ba, na kuma faɗa masa haka.

Ba wurin zaman mata, sai benci a waje cikin maza. Ba sa ba da rasit, sai dai ya bar ni na ɗauki hoton shafina da waya.

Wanda ya fi damuna shi ne maganar yaran shago. Ana ba su abincin rana da kuɗin mota, ba a karɓar yaron da ba ya zuwa makaranta, ko boko ko Islamiyya, kuma da zarar yaro ya fara kalmasa ana rubuta masa layinsa a littafi. In an yaye shi ana haɗa masa da keke. Duk wannan ya fi abin da ake yi a yawancin wurare. Amma ba ranar yaye. Akwai wani saurayi da gemunsa ya cika, shi ke haɗa wanduna kusan duka, har yanzu a layin yara yake, ladan yara yake karɓa. Da na yi magana Malam ya ce hannu ne ke yaye kansa, shi kallo kawai yake yi. Na yarda shi ya san hannu, ni ban sani ba. Sai dai wanda ke cin ribar jinkirin bai kamata ya zama shi kaɗai ne alƙalin lokacin ba. Ranar da uba ya kawo ɗansa, a rubuta shekarun a gaban shaidu, in an ga bai kai ba a zauna a ƙara da yardar kowa. Bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Ranar da na je karɓar riga na koma kan ladan Yaya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Hajiya, in na ƙara mata sai na ƙara wa mai riga. Cikin goma da ke shigowa nan, bakwai suna jin kuɗin suke juyawa wajen kwamfuta. In na ƙara, sauran ukun ma su tafi, ita kuma ta zauna ba aiki." Ban da amsar da za ta rushe wannan. Hadisin da kowa ke kawowa, wanda Ibn Majah ya ruwaito, cewa a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, Malam ya cika shi fiye da wasu ma'aikatun da na sani masu akanta da kwamfuta. Amma biya a kan lokaci daban, yawan abin da aka biya daban, na biyun kuma ba a hannunsa kaɗai yake ba. Mu masu kai ɗinki mun saba wa kanmu cewa yadi shi ne kaya, ɗinki kuma ɗan abin da ake ƙarawa a kai. Muna faɗin araha ba ta ado a gaban mai kanti, mu manta da ita a gaban tela. Shawarar da na ba shi ita ce ya daina jira sai an yi ciniki kafin ya fito da littafin, ya nuna wa kowa layin allura da watannin da zai ci tun kafin ya faɗi jimla. Mutumin da ya iya sayen Getzner yadi goma sha biyu, in ya ga lambar nan ido da ido, da wuya ya nemi ragi, wani ma zai ce a ƙara. Ni na aika mata da tukuici ta asusunta, amma tukuici ganin dama ne, ba zai zauna a madadin lada ba.

Ga mai son zuwa: in rigar hannu ce ta Sallah ko ta biki, ka ba su aƙalla wata uku, ka kuma ɗora sati biyu a kan ranar da suka faɗa maka. Kafin alƙalaminsu kashi biyu cikin uku ne, saboda da shi ake ba masu aiki rabinsu. Ka nemi ganin shafinka, ka ɗauki hotonsa, ka bar lambar waya ka ce lallai a kira ka in wani abu ya taso. In rigar ta yi datti kada ka ba mai wankin unguwa ya sa mata buroshi, zai tsinka bakin hujin. Ka mayar musu, su ke da mai wanki da mabugin da suka san ta, kuɗin kuma bai taka kara ya karya ba.